Memori biyu da Yaya ya kawo daga Jamus

Ni makaɗin biki ne na zamani, irin waɗanda ake ce wa DJ. Shekara bakwai ke nan ina jigilar lasifika a nan Maradi, daga unguwar Zariya zuwa Bagalam, daga Ali Ɗan Sofo har Tibiri, duk inda aka ɗaura aure ko aka raɗa suna. Aikin na san shi kamar yunwar cikina. Na san waƙar da uwar amarya take jira, na san lokacin da ƙawaye za su fito liƙi, na iya riƙe makirfo in yi ta kiran sunan mai kuɗi har ya ji kunyar zama. Gidan rawa irin na Turai kuwa ban taɓa taka shi ba, kuma duk wanda ya san Maradi ya san ba gari ba ne da ake kafa irin wannan a bakin titi a zauna lafiya.

Yaya ɗan wan babana ne, ya haura shekara goma sha biyar a Jamus. Cikin sanyin wata shekara ya zo hutu da matarsa Bajamusa, ya aiko a kira ni. Na same shi a kan tabarma yana shan shayi, ya ce Madam za ta cika shekara arba'in a nan, yana so ya yi mata ɗan taro a lambun gidansa da ke bayan gari, mutum kamar arba'in. Sai ya ajiye memori biyu a gabana, ɗaya ja, ɗaya baƙi.

"Jan nawa ne," in ji shi. "Baƙin na matarka ne. Sati uku gare ka. Ka haɗa su a dare ɗaya, kada ɗayanmu ya ji an cuce shi."

Na ce, "Yaya, kiɗa ai kiɗa ne." Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ba ni jika hamsin da wata 'yar na'ura mai faifai biyu da ake haɗawa da kwamfuta, ya ce in je in saurara tukuna.

Da dare na fara da jan. Dum, dum, dum, dum, kamar mace ɗaya tana daka ba ta gajiya. Minti ɗaya ya wuce babu murya, babu komai sai wannan bugun da wani ɗan tsit-tsit a samansa. Na tsallaka gaba, na tarar waƙar minti bakwai ce kuma har ta ƙare ba wanda ya ce uffan. Ta biyu haka, ta uku haka. Na ɗauka wajen kwafa ne aka zubar da muryoyin. Na cire na sa baƙin. Nan kuma ga murya, amma wace iri! Namiji ne yake waƙa kamar daga cikin rijiya gaba dubu, jita tana kuka can nesa, bas, wato sautin nan mai kauri, ya fito gaba yana jan waƙar kamar akala. Ban yi minti uku ba Inna ta ɗaga labule ta ce, "Kai, wa ya rasu?"

Washegari na koma wurin Yaya da ƙorafin cewa nasa waƙoƙin ba su cika ba. Ya zaunar da ni ya ce minti ɗayan nan na farko da nake raina wa, da na ƙarshe, ba don mai rawa aka yi su ba, don ni aka yi su. Ƙofa ce aka bar wa DJ ya shigo da wata waƙar ta kan wadda take tafiya, har mai rawa ya kasa gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Ya ce in ƙirga. Bugu huɗu, sau takwas, talatin da biyu ke nan. Na ƙirga da yatsa a kan gwiwa, sai ga shi duk bugu talatin da biyu wani abu yana shigowa ko yana fita: tafi, ko bas, ko wata 'yar ƙara kamar ta gyare. Abin a gine yake kamar jerin bulo. Daga ranar kunnena ya buɗe, har na riƙa ƙirga bugun injin niƙa na maƙwabta.

Cikin memorin nasa iri biyu ne suka fi yawa, tekno da haus. Da ya ce haus na ce Hausa? Ya ce a'a, sunan ya samo asali daga wani gidan rawa a Shikago ta Amurka mai suna Warehouse, inda Frankie Knuckles ya fara kiɗa a 1977. Tekno kuma a Ditroit, can Amurka, aka haife shi cikin shekarun 1980, a hannun wasu samari uku, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne duk waɗannan baƙaƙen fata ne. Ni duk zatona kiɗan Turawa ne tsantsa. Gangar da nake ji kuwa ba fata ba ce, akwati ne na kamfanin Roland na Japan, TR-808 da ya fito a 1980 da TR-909 na 1983. Da suka fito ba su yi kasuwa ba, sai suka faɗo gwanjo, yaran unguwa marasa kuɗin ɗaukar makaɗa suka saye su da araha. Wannan ya shige ni, don ni ma lasifikata ta farko gwanjo ce daga Jibiya.

Sai aikin hannu. Manhajar da nake aiki da ita tana da maɓallin da in ka danna zai daidaita saurin waƙoƙi biyu da kansa. Yaya ya yanko salatif ya liƙe shi. Ya ce sai na iya da kunne. Waƙa ɗaya tana fita ta lasifika a bugu 126 cikin minti, ɗayar tana cikin abin kunne a 124, kai kuma ka tura ɗan ƙarfen gefe a hankali har su zo daidai, sannan ka taɓa faifan da yatsa ka gyara mata zama. In ka kuskure, bugun biyu sukan rabu, sai ka ji kamar dawakai biyu suna sukuwa a kan kwalta. Kwana huɗu dawakan nan suna bi ta ɗakina. Ranar ta biyar suka haɗu, sai wata matsalar ta fito: bas biyu a lokaci guda, lasifika tana gurnani kamar za ta amayar da cikinta. Dabarar ita ce ka rage bas na mai shigowa gaba ɗaya, ka bar ta ta shigo da samanta kawai, in bugu na talatin da biyu ya cika ka murɗe na tsohuwar ka buɗe na sabuwar a numfashi ɗaya. Ranar da na yi shi daidai, ni kaɗai a ɗaki ƙarfe biyun dare, sai da tsigar jikina ta tashi. A kwana tara na iya jera waƙa goma ba ɗinki a fili.

Da wannan girman kan na nufi baƙin memori, kuma nan na sha ƙasa.

Madam ta zo gidanmu da la'asar don ta ji inda aka kwana. Da faransanci muke magana, nawa na lakkol, nata na makaranta, muna gane juna. Na sa wata waƙar The Cure, wata ƙungiyar mawaƙa ta Ingila, da ta kai tsakiya na shigo da wata ta kanta, yadda aka koya mini, ina jiran yabo. Ta ɗaga hannu kamar ɗan sanda a randabawul. Ta ce, "Ka katse shi yana cikin magana."

Ta zauna ta yi mini bayani, kuma abin da na fahimta shi ne wannan. Kiɗan da take so, gotik, daga cikin kiɗan jita na Ingila ya tsiro a ƙarshen shekarun 1970, a hannun ƙungiyoyi irin su Bauhaus da Siouxsie and the Banshees da Joy Division. Waƙoƙi ne masu baiti da amshi, masu maganar kaɗaici da mutuwa da soyayyar da ta lalace. Da aka buɗe gidan rawa na Batcave a unguwar Soho ta Landan a 1982, mutanen da ke zuwa sun san waƙoƙin da ka, kuma har yau haka abin yake a wurarensu. Mutum yana jingine da bango da kofinsa, da ya ji farkon waƙarsa sai ya ajiye ya shiga fili, in ta ƙare ya koma, wani ya shigo. DJ yana barin waƙa ta kai ƙarshenta. In an sami shiru na daƙiƙa biyu tsakanin waƙa da waƙa ba abin kunya ba ne. Har takarda sukan ajiye a gaban DJ kowa ya rubuta wadda yake so. A wurin su Yaya kuwa, in ka je ka ce wa DJ ya sa maka waƙa kaza, kamar ka ce wa direban babbar mota ya kauce ka riƙe masa sitiyari ne.

Tana cikin magana na fashe da dariya, don na gane mutanen nan. Gwaggonnina ne. A wurin biki, ka kuskura ka yanke wa Hajiya waƙarta kafin a zo baitin da take jira ta ɗaga hannu, ka ga yadda za ta tako har gaban tebur ta tambaye ka ko uwarka ce ta biya kuɗin. Har na tuna masu goge na wajen Tibiri da muke leƙe muna yara ana korarmu: kowane iska da takensa, sai an kaɗa nasa mai shi yake motsawa, kuma mai goge ba ya gutsure take. Na Yaya kuma ya fi kama da gangar filin kokowa, wadda ba ta tsayawa, ba ta tambayar sunanka, kowa da ke wurin ƙirjinsa yana bugawa tare da ita.

Ko da na so in yi wa gotik ɗinkin tekno ma, ba zai yiwu a yawancinsu ba. Mutum ne yake buga gangar, kuma hannun ɗan Adam yakan ɗan yi sauri a amshi ya ɗan lafa a baiti. Layukan da manhaja take shimfiɗawa a kan waƙa sai su zame bayan minti ɗaya. Akwai ta Bauhaus ɗin nan ta 1979, "Bela Lugosi's Dead", wadda Madam ta ce ita ce kakar gidan. Ta haura minti tara, a ɗauka ɗaya aka naɗe ta, kuma ana daɗewa ana jin ƙwanƙwasar sanda da amsa-kuwwa irin ta kiɗan Jamaika kafin murya ta shigo. Na yi kwana biyu ina neman inda zan kama ta, daga baya na sallama. Ba a kama ta. Sai dai ka sa ta ka koma gefe.

A ganina tekno ya fi wahalar da hannu, gotik ya fi wahalar da kai. A na farko in ka iya ƙirga kuma kunnenka yana da kyau, za ka fita kunya ko ba ka san sunan waƙa ɗaya ba. A na biyu babu inda za ka ɓoye. Dole ka san wace waƙa ce za ta zauna bayan wace, wadda za ta ɗaga mutane da wadda za ta mayar da su bango, kuma ni ban jin turancin da ake rerawa. Sai na ɗauki littafin lakkol na ƙanena na bi waƙa sittin ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta yadda kowace ta fara da yadda ta ƙare: wannan da ganga take buɗewa, wannan a hankali take mutuwa, wannan tsayawa take yi cak kamar an rufe ƙofa. Madam ta duba littafin ta sa wa goma sha biyu tauraro.

Saura gada. Yadda zan fita daga baƙi in shiga ja ba tare da an ji kamar an canza tashar rediyo ba. Wata rana na jera duka waƙoƙin memori biyun bisa saurin bugu, sai na lura wasu daga cikin na Madam layukan manhaja suna zama a kansu daram. Na tambaye ta. Ta ce The Sisters of Mercy na garin Lids a Ingila ba su da mai ganga, na'ura ce, har suna suka raɗa mata, Doktor Avalanche. Akwai kuma Front 242 na Beljiyam, waɗanda kiɗansu ƙarfe ne zalla da murya kamar ta kwamandan soja, kuma ana sa su a gidajen rawan ɓangarorin biyu. Sannan na ga abin da ya sa na miƙe tsaye: waƙa ɗaya ta fito sau biyu a jerin, ɗaya daga ja, ɗaya daga baƙi. "Blue Monday" ta New Order, ta 1983. Su New Order ɗin ragowar Joy Division ne, bayan mawaƙinsu Ian Curtis ya rasu a 1980 suka ci gaba, suka rungumi na'ura. Muryar mai sanyi ce irin ta gidan Madam, gangar kuwa tana tafiya wajen bugu 130 a minti kamar ta gidan Yaya. Miji da mata shekara goma, ba wanda ya san ɗayan yana da ita.

Ana jibi taro muka je muka gai da mai unguwa da goro, aka yi alkawarin sha biyun dare za a kashe. Ranar kuma rigimar fitila ta tashi. Yaya yana son mai walƙiya, fari fat, yana ba ni labarin Tresor da aka buɗe a Balin a 1991 a ɗakin ajiyar kuɗi na wani tsohon kanti a ƙarƙashin ƙasa, da gidajen da ake shiga daren Asabar a fito Litinin, ana liƙe wa kowa idon kyamarar salula a bakin ƙofa. Madam tana son duhu, jar fitila ɗaya, da hayaƙi. Injin hayaƙi ban da shi. Inna ce ta warware, ta ba da kasko biyu da turaren wuta na amare, muka ajiye a bayan lasifika. Da ƙurar hunturu ta haɗu da shi a cikin jar fitilar, Madam ta ce ko a Laifzig, garinsu, inda dubban masu baƙaƙen kaya suke taruwa kowace shekara tun 1992, ba ta taɓa shaƙar hayaƙi mai daɗin wannan ba.

Shigarta ma abin kallo ce. Baƙar abaya ta saya a babbar kasuwa, ta sa aka yi mata baƙin lalle har gwiwar hannu, ta cika ido da kwalli. Ta ce a ƙasarsu in ta yi wannan shigar tsofaffi kallonta suke a jirgin ƙasa. A nan kuwa Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wannan ɗiya ta san sutura."

Takwas da rabi na buɗe da baƙi. Abokan Yaya na yarinta suna zaune da zoɓo da gasasshen nama, ga wasu ɗalibai na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga 'yan uwa mata a gefe guda. Ba wanda ya motsa. A waƙa ta uku Madam ta tashi ita kaɗai, ba ta kalli kowa ba, ido a rufe, taku biyu gaba taku biyu baya, hannuwa suna yawo a sama kamar mai cire yana a kusurwar ɗaki. Raina ya ɓaci, don a aikina fili mai mutum ɗaya faɗuwa ce. Na kai hannu zan canza, ta buɗe ido ta girgiza mini kai. Can sai 'yan mata biyu cikin ɗaliban suka shiga suna kwaikwayonta suna dariya, kafin waƙar ta ƙare dariyar ta tsaya, kowace ta kama nata gefen.

Wajen goma na hau gadar. Sisters, sai Front 242, sai waƙar da suka yi tarayya a kanta. Da gangarta ta fara, Yaya da Madam suka miƙe a tare daga ɓangarori biyu na lambun, kowa yana nuna kansa. Daga ƙarshenta na rage bas, na shigo da tekno na farko, hannuna yana rawa, kuma dawakan ba su zo ba.

Abin da ban yi lissafi ba shi ne mutanenmu ba su san wasan ba. A tekno akwai inda ganga take ɗaukewa gaba ɗaya, a bar wata ƙara tana hawa tana hawa, mutane su ɗaga hannu suna jira, sannan bas ya faɗo musu a ka. Karon farko da gangar ta ɗauke, fili ya watse. Wani abokin Yaya har ya nufi janareto da fitilar salula. Sai ga bugun ya dawo kamar an saki dam, aka yi ihu aka dawo a guje. Karo na biyu sun gane. Karo na uku har da gwaggona a ciki, mayafi a ɗaure a ƙugu, hannu a sama.

Sha ɗaya da kwata, ana tsakiyar irin wannan hawan, ƙarar ta kai maƙura, janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Duhu ɗib. Mutum arba'in suna tsaye hannu a sama, shiru, suna jiran bas. Sun ɗauka cikin kiɗan ne. Na ƙirga a raina har talatin da biyu ba wanda ya sauke hannu, sannan na ce, "Jama'a, mai ne ya ƙare." Dariyar da aka yi har maƙwabta sun ji. Yaro ya hau babur neman mai na kwalba. Yaya ya yi ƙoƙarin riƙe mutane da tafi, dum dum dum dum, bai yi minti ɗaya ba abin ya mutu a hannunsa. Madam kuwa tana zaune kusa da kaskon turare tana rera ɗaya daga cikin masu tauraron nan a hankali, baiti bayan baiti, 'yan matan biyu suna yi mata amshin da ba su san ma'anarsa ba.

Da wuta ta dawo saura minti ashirin. Gwaggo ta tako gaban tebur ta ce ta yi wa Turawa kara ya isa, a sa mata tata. Na sa, na bar ta har ƙarshe, aka yi liƙi, Madam ta sha jika-jika a goshi.

Ina naɗe waya bayan kowa ya watse, tsohon mai gadin gidan, wani Bagobiri da bai ce komai ba duk daren, ya matso da 'yar salularsa mai maɓalli. Ya ce, "Yaro, wannan ta mai murya kamar daga rijiya, mai ƙwanƙwasa, doguwar nan. Sa mini ita." Na ce Baba, minti tara ce da rabi fa, kuma maganar mutuwa ake yi a ciki. Ya ce shi dai ya ji tana hana barci, kuma dare gare shi har asuba. Na cire memorinsa na tura masa.